Tsakanin "Da Yardar Allah" da "Kada A Ce"

Wanda duk ya taɓa yin sammako zuwa tashar motar Zuru, ya tsaya a gefe lokacin da 'yan kamasho ke kiran masu zuwa Kontagora da Yawuri da Birnin Kebbi, yara suna ɗora buhunan dawa a bayan mota, mata suna ƙulle canjinsu a haɓar zane, in ya kasa kunne zai ji wata 'yar magana tana kai da kawowa a tsakanin jama'a, wadda ba mai lura da ita saboda yawan jinta. Direba, da carbinsa rataye a madubi, zai ce za a isa kafin azahar da yardar Allah. Wata tsohuwa ɗaure da zanen zumuntar mata za ta leƙo ta taga ta ce wa jikanta tana nan dawowa jibi da yardar Allah. Shi ma dattijon da bai taɓa shiga masallaci ko coci ba, wanda har yanzu yake riƙe da abin da ya gada daga kakanninsa na kan dutse, haka zai ce idan ya juya harshe zuwa Hausa. A ƙasar da ake samun Musulmi da Kirista da mai gargajiya a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, suna sa hannu a ƙwarya ɗaya, wannan magana ta zama tamkar rijiyar unguwa, kowa yana ɗiba, ba mai cewa tasa ce. Ni kuwa tun ina yaro nake furta ta, amma sai da furfura ta fara fito mini sannan na zauna na tambayi kaina abin da nake nufi idan na faɗe ta, da kuma ko ita ce ke mulkin al'amurana, ko kuwa wata magana ce dabam wadda ba na yarda in faɗa a fili.

Masana lugga sun ce kalmar yarda baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida, domin asalinta fi'ili ne na Larabci mai ma'anar jin daɗin abu da kwanciyar rai game da shi. Daga tushen nan ne sunayen Rilwanu da Murtala da Raliya suka fito, daga nan kuma addu'ar da malamai kan yi idan sun ambaci sahabbai, wadda da Hausa ake cewa Allah ya ƙara musu yarda. Da ta shigo bakinmu sai muka ɗora mata kaya fiye da wanda ta zo da shi. Uban da ya ce ya yarda ɗansa ya tafi aikin soja izini ya bayar, ko da ransa bai so ba. 'Yar kasuwar da ta ce ta yarda da wane tana nufin za ta ba shi bashi ba shaida ba rubutu. Amma idan aka ce bara ya sami yardar ubangidansa, ko aka ce wance yardajjiya ce a gidan mijinta, to an komo ga ma'anar farko, wato wanda ake jin daɗinsa, wanda in an tuna da shi rai yakan yi fari. Malaman tauhidi, waɗanda suka fi mu kula da irin wannan rarrabewa, sun bambanta irada da rida: babu abin da ke aukuwa a cikin mulkin Allah ba da nufinsa ba, amma ba duk abin da ya auku ne yake yarda da shi a ma'anar jin daɗi ba. Ɓarawon shanun da ya fito daga daji da bindiga shi ma yakan ce zai komo da yardar Allah, kuma sau da yawa yakan komo, alhali gari yana kuka a bayansa. Saboda haka abin da muke roƙo a tasha izinin wucewa ne a kan hanyar da muka riga muka zaɓa. Neman yarda a ma'anarta ta asali kuwa tambaya ce da ake yi tun kafin a zaɓi hanyar, kuma ita ce tambayar da na ga mun fi jin nauyin yi.

Maganar da na ce ba ma faɗa a fili ita ce kada a ce. Ita ce ke sa magidanci ya fasa rumbu ya sayar da dawar da za ta kai iyalinsa damina domin ya yanka sa a jana'izar mahaifinsa; ita ce ke sa uwa ta ci bashin da za ta shekara biyu tana biya domin kayan ɗakin 'yarta; ita ce ke rufe bakin mai shaida a gaban mai unguwa, alhali ya san inda iyakar gonar take tun zamanin kakansa. In ka tsare mutum ka tambaye shi, shin wa zai ce, sai ya yi shiru, domin wannan "a" ba shi da suna, ba shi da gida, ba a san unguwarsu ba. Ba a taɓa ganin fuskarsa ba, bai taɓa kai wa kowa mudun hatsi a shekarar fari ba, amma babu sarki a ƙasar nan, daga Dabai zuwa Wasagu, daga Fakai zuwa Sakaba, da ake yi wa biyayya kamarsa. Masu nahawu suna kiran irin wannan ƙaramar kalma lamiri, wato abin da ke tsayawa a madadin suna, kuma wannan lamirin na musamman aikinsa shi ne ɓoye mai aikatawa, kamar ginin da Larabawa ke yi wa fi'ili idan ba a san mai shi ba. To, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kalmar nan lamiri, wadda asalinta a Larabci abin da ke ɓoye a ciki, ita ce kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da masu wa'azinmu ke kiran mashaidin nan na cikin ƙirji, wanda ke hana mutum barci idan ya ci amana ko da duniya ba ta sani ba. Kalma ɗaya, ma'aikata biyu. Haƙiƙanin cutarmu kuwa ita ce lamirin nahawu ya hau kujerar lamirin zuciya, har ya zamana mutum ba ya jin zafin laifi sai ranar da aka ji.

Kada mai karatu ya ɗauka ina raina kunya. Allah ya kiyaye. Garin da ba a jin kunyar ido ba ya zaunuwa, kuma da yawa daga cikinmu kunyar iyaye da ta maƙwabta ce ta riƙe mu a shekarun da tsoron Allah bai riga ya yi saiwa a zuciyarmu ba. Yaron da ya bar sata don kada a ce ɗan wane ɓarawo ne ya fi wanda ya yi satar, kuma unguwa ta huta da shi. Sai dai kunya dangar kara ce, tana tsare gona muddin akwai mai kallo, amma ba ta shekara biyu ba a sabunta ta ba, kuma in mutum ya je Legas ko Fatakwal inda ba wanda ya san gidansu, ba ya tafiya da ita a aljihu.

A nan ne nake tuna wata hikima ta mutanenmu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Kowa ya san al'adar golmo, yadda saurayi ba ya samun mata da kuɗi, sai ya shiga ƙungiyar tsaransa su riƙa noma wa iyayen yarinya damina bayan damina har shekara bakwai, ana gwada ƙarfinsa da haƙurinsa da ladabinsa, sannan a lokacin bikin Uhola, bayan an kai amfani gida, a shaida cewa ya zama namiji. Wani tsoho a gidanmu, wanda ya yi golmo ya kuma ga an yi masa, ya taɓa kama hannuna ya kai ni gona bayan samari sun tashi. Na zaci zai tsaya a bakin hanya, inda kunyoyin suka miƙe sambal kamar an ja su da igiya, ƙasa ta tashi baƙa wuluk, ba ko ɗigon ciyawa. Sai ya wuce su bai ko dube su ba, ya yi ta kutsawa har ƙarshen gona, gindin dutse, inda ƙasa ke da tsakuwa, garma ba ta shiga sai da ƙyar, ba kuma mai bi ta wurin sai biri. Ya durƙusa, ya tura yatsunsa cikin kunyar ƙarshe, ya ɗago ƙasar ya duba ko an juya ta har ƙasa ko kuwa an yayyafa ta ne a kan ciyawa. Ya ce da ni, "Ɗana, ta bakin hanya ta mutane ce. Wannan ita ce tasa." Hausa ta yi mana gata da ta kira tudun shukar nan kunya, ta kuma kira nauyin ido kunya, ko da yake murya ta ɗan bambanta su. Akwai kunyar bakin hanya, akwai kuma kunyar gindin dutse, kuma tun ranar ban ƙara jin an ambaci yardar Allah a wa'azi ba face na tuna yatsun tsohon nan a cikin ƙasa.

Ba mamaki labarin Yakubu a littafin Farawa ya shiga zuciyar mutanen ƙasar nan da wuri, domin shi ma golmo ya yi: shekara bakwai yana kiwo a gidan Laban saboda Rahila, da wa'adi ya cika kuma aka kai masa yayarta Lai'atu da dare. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne hujjar da Laban ya kafa da gari ya waye, domin bai ce ya yi kuskure ba, al'adar garinsu ya jingina da ita, cewa a wurinsu ƙanwa ba ta riga ya aure. Wato shi ma bayan "ba a yi" ya ɓuya. Daga baya Yakubu ya yi ƙorafin cewa an sauya masa lada har sau goma. Haka yardar mutane take ga wanda ya mai da ita abin nema: sai ya gama aikin sannan a sauya sharaɗin, kuma ba wanda zai kai ƙara wurinsa, tun da wanda ya yi masa alkawarin ba shi da suna.

Bishara ta iso ƙasar Zuru a cikin shekarun 1920, ta hannun mishan ɗin nan da A. W. Banfield ya kafa wa tushe a Shonga ta ƙasar Nufe a 1905, wadda daga baya ta zama ikilisiyar UMCA, ta kuma kafa asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe a kai, ta haka kuwa kakanninmu, waɗanda harshen uwarsu C'lela ne, suka koyi addu'a da kalmomin da suka biyo ta allon malamai, irin su tuba da gafara da lahira da hukunci da yarda. Waɗanda suka fara karɓa ba su kira kansu da wani babban suna ba, masu bi suka ce, kuma dattawa sun ba mu labarin abin da bin ya ci musu. A wurin gayya, inda ƙwaryar burkutu ke zagayawa daga hannu zuwa hannu a matsayin alamar cewa kai namu ne, mai bi yakan karɓa ya miƙa gaba bai kai baki ba, idanu duka a kansa. Ran Lahadi tsaransa suna gona shi yana ƙarƙashin rumfar ciyawa yana haɗa baƙi. In an fita yin hadaya domin amfanin gona ba ya cikin sahu, in kuwa ruwa ya ɗauke a shekarar, an san wanda za a nuna da baki. Saurayin da ya riga ya zuba damina huɗu ko biyar a gonar surukai yana iya wayar gari ya ga guminsa ya tafi a banza. Suna neman yarda, dangi suka yar da su. Kalmomin biyu tazarar alƙalami ce kawai tsakaninsu a rubuce, su kuwa sun san nisan da ke tsakaninsu da jikinsu. Ba na faɗin haka don in zargi waɗanda suka ƙi su, domin su ma abin da suka gaskata suke karewa, kuma jininsu ne ke gudana a jikina. Ina faɗa ne domin a san cewa a zamanin nan ba wanda ya shiga coci don a yaba masa.

Yau fa? Yau coci-coci sun cika ƙasar, akwai na UMCA da na ECWA da na Katolika da na Baptis da sababbi masu lasifika, ran Lahadi da safe hanyoyin Rikoto da Zango cike suke da masu ado, kuma yaron da aka haifa a gidan masu bi ba ya bukatar jaruntaka kafin ya je sujada, jaruntaka ma sai in zai ƙi zuwa. Sarkin nan marar suna da ya ga jama'a sun koma ciki, sai ya bi su, ya sami wuri a bencin gaba ya zauna. Kakanninmu sun sha wuya don sun ƙi jin tsoron kada a ce ɗan mishan ne, mu jikokinsu kuma muna yin abubuwa da yawa don kada a ce ba mai bi ba ne na ƙwarai. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a tarihin ikilisiya. Manzo Bitrus, wanda ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ya zaɓi biyayya ga Allah a kan umarninsu har aka yi masa bulala, shi ne kuma a Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista, yake cin abinci tare da 'yan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba, amma da baƙi suka iso daga Urushalima sai ya janye hannunsa daga akushi ya koma gefe, har Barnaba ya bi sahunsa, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Bulalar maƙiya ba ta tanƙwara shi ba, kallon 'yan'uwa ya tanƙwara shi. Duk wanda ya taɓa ɗauke ƙwaryarsa daga gaban ɗan'uwansa na wani addini don ya hango dattijon ikilisiya tafe, ko don ya hango liman, ya san abin da ya sami Bitrus a ranar.

Bari in faɗi abin da na gani da idona, wanda kuma ni ma ina da hannu a ciki. A wata sujadar godiyar kaka, a cocin da ba zan ambaci sunansa ba, an jera dammunan dawa da buhunan masara da kabewa da kaji ɗaure da ƙafa a gaban bagade, mata suna kaɗa tulu suna waƙa, sai magatakarda ya ɗauki makirufo ya fara kiran suna da abin da kowa ya kawo. In an kira mai buhu biyar sai guɗa ta tashi, in an kira mai tiya biyu sai a ji tafi ɗaya ɗaya. Ina zaune da ambulan a aljihu, na riga na ƙulla niyyar abin da zan bayar tun daga gida, kuma daidai ƙarfina ne. Amma da na ji an kira wani tsarana, wanda muka yi makaranta tare, aka faɗi adadinsa, sai na sa hannu a ɗaya aljihun na zaro kuɗin da na ware domin maganin mahaifiyata na ƙara a kai. Aka kira sunana, aka yi guɗa, na ji daɗi na ɗan lokaci kamar wanda ya sha ruwan sanyi. Ana cikin haka wata gwauruwa da na sani, wadda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu take zaune a gidan dangi, ta lallaɓa ta bayan mawaƙa, ta kwance wani ƙullin tsumma, ta juye dawar da ba ta fi mudu ba a cikin buhun wani da ke buɗe, ta koma wurinta. Ba a rubuta ta ba, dawarta ma ta shiga lissafin mai buhun. A makon nan sai da na ci bashi na sayi maganin. Na san sarai labarin gwauruwar da Yesu ya yaba wa a Haikali, na sha koyar da shi ga yara, amma ban taɓa sanin a wane gefen labarin nake tsaye ba sai ranar.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da suna ga abin da na aikata, kuma sunan ya fi kowane kaifi: riya, daga tushen gani, wato aiki don a gani, da 'yar'uwarta sum'a, daga tushen ji, wato aiki don a ji labari. Malamansu sun kira riya ƙaramar shirka, saboda mai yin ta ya sa wani a wurin da Allah kaɗai ya cancanta, ko da goshinsa yana ƙasa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin kundinsa Ihya'u domin zargin son matsayi da riya, Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma sun yi ta jan kunnen almajiransu game da cututtukan zuciya irin su ujubu da girman kai da hassada da ita riyar. Bahaushe ya taƙaita duka ya ce aikin ganin ido. Abin sha'awa, Manzo Bulus a wasiƙunsa zuwa ga Afisawa da Kolosiyawa ya yi amfani da wata kalmar Helenanci da aka harhaɗa daga ido da bauta, kamar a ce bautar ido, kuma a ganina ta fi tamu zurfi da taki ɗaya, domin ta nuna cewa mai yi don a gani bawa ne, ubangijinsa kuwa duk wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Sarki Saul ya kai matuƙa a wannan bauta: bayan ya amsa da bakinsa cewa tsoron jama'a ne ya sa shi saɓa umarni, bayan an shaida masa cewa an ƙwace sarautar, roƙon da ya yi wa Annabi Sama'ila shi ne ya girmama shi a gaban dattawa. Yardar Allah ta riga ta tafi, shi kuwa hankalinsa yana kan kada a ce.

Ƙasar Zuru ƙasar soja ce, babu gidan da ba a rataye hoton wani da kaki ba, tun daga waɗanda aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu har zuwa manyan hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Saboda haka misalin da Bulus ya ba Timoti, na sojan da burinsa shi ne ya gamshi wanda ya ɗauke shi aiki, ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Wani tsohon saje da muke sujada tare ya taɓa ce mini ba a sanin soja a fareti, inda takalmi ke walƙiya ana busa badujala, sai a gadin ƙarfe uku na dare, cikin hunturu, lokacin da ya tabbata hafsa ya yi barci.

Sai dai akwai wani rami a ɗaya gefen hanyar, wanda na ga matasa masu zafin addini suna faɗawa, kuma wajibi ne in ambace shi. Mutum yakan ce shi Allah kaɗai yake tsoro, ya mai da maganar lasisin rashin ladabi: ya daina gai da kawunsa don ba addininsu ɗaya ba, ya ƙi zuwa gaisuwar mutuwa, ya tsaya a kasuwa yana aibanta abin da iyayensa suka girmama, in an yi masa magana ya ce ana tsananta masa saboda gaskiya. Sau da yawa irin wannan bai rabu da sarkin nan ba, fada kawai ya sauya, yana so a ce wane ba ya tsoron kowa. Alamar wanda ya sami 'yanci na gaske daga idon mutane ita ce yakan ƙara tausayinsu da yi musu hidima, domin ya daina jiran lada daga gare su. Bulus ɗin da ya ce wa Galatiyawa neman faranta wa mutane ba ya haɗuwa da bautar Almasihu, shi ne kuma ya gargaɗi Romawa su ba kowa girman da ya cancanta, su zauna lafiya da kowa iyakar iyawarsu. Hausa ta ƙera kalmomi biyu a maƙera ɗaya, ban girma da bangaskiya, kamar yadda ta ƙera ban ruwa da ban kwana, dukansu bayarwa ne. Ban girma haƙƙin mutane ne, a ba su shi cikakke, a durƙusa wa tsoho, a tuɓe takalmi a ƙofar suruki. Bangaskiya kuwa, wato miƙa wa wani hukuncin ƙarshe a kan ko kai wane ne, ba ta halatta ga kowa sai Mahalicci. Matsala takan faru ne idan aka kai kayan wannan gidan wancan.

A wuri ɗaya kuwa misalin golmo yakan gaza, kuma a wurin ne zuciyar addinin Kirista take. Ɗan golmo yana noma ne domin a yarda da shi, yardar tana can ƙarshen shekara ta bakwai, in ya yi rauni a ta shida ta kuɓuce masa. Abin da Linjila ta koyar shi ne an juya tsarin: yarda ce ke zuwa da fari, kyauta, ta wurin alherin Allah cikin Almasihu, aiki kuma ya biyo baya a matsayin godiya. Marubutan Bishara sun nuna cewa muryar da ta shaida jin daɗin Uba game da Yesu ta zo ne a Kogin Urdun, ranar baftismarsa, tun bai warkar da kowa ba, bai tara taro ba, yana fitowa daga shekarun sassaƙa a Nazarat waɗanda ba wanda ya rubuta labarinsu. Wanda ya riƙe wannan da gaske yana iya nome kunyar gindin dutse da kyau ba tare da fargaba ba, domin ba surukin da ke neman aibinsa ne zai duba ta ba, Uba ne wanda ya riga ya karɓe shi ɗa a gida. Ni dai na lura cewa duk ranar da na fi jin yunwar yabo, ranar ce na manta da wannan. Kuma na lura gwauruwar nan, da ta koma wurin zamanta, ba ta waiwaya ta ga ko wani ya gan ta ba.

Saboda haka ina da roƙo ga iyayena fastoci da dattawan ikilisiyoyin ƙasar Zuru, da shugabannin zumuntar mata da na matasa, roƙon ɗa ga iyayensa. Na san rufin coci yana bukatar kwano, na san mai bishara a ƙauye yana jiran ɗan abin da za a aika masa, na kuma san dalilin da ya sa ake kiran suna shi ne an ga yana ƙara yawan baiko. Duk da haka ina roƙo, idan kaka ta zo bana aka kai amfani gida, a gwada sujadar godiya sau ɗaya ba tare da makirufo a hannun magatakarda ba: a ajiye buhuna a bayan coci tun daren Asabar, kowa ya kawo nasa ya juye, mai buhu da mai mudu, a rufe littafin suna, ran Lahadi a yi addu'a a kan abin da ya taru gaba ɗaya. In ya ragu, a faɗa mana adadin da ya ragu a fili, mu ji da kunnenmu.